Yaya ake auna gogayya da cinyewar sil ɗin buroshi a injin tarbain na gas?

Ɗan Aji Biyar:
Assalamu alaikum manyanmu. Aikina na kammala karatu a kan sil ɗin buroshi ne, wato zoben siraran wayoyi da ke hana iska mai zafi sulalewa ta gefen shaf, sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin. Muna da inji mai juyawa da faifan ƙarfe kawai. Ta ina zan fara aunawa?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka nemi cikakken sil, tsada gare shi. Yi yadda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi a shekarun 1990: ɗaure 'yan siraran wayoyi tamkar ƙaramar tsintsiya, ka karkata su a kusurwar digiri 45, ka danna su a jikin faifan da nauyin da ka sani. Na'urar auna ƙarfi za ta nuna yadda faifan ke jan su. Raba wannan da nauyin dannawa, ka sami ma'aunin gogayya. Wayoyin sil na gaske da Haynes 25 ake yin su, wani haɗin ƙarfe mai kobalt. Cinyewa kuwa, ɗauki hoton tsawonsu da madubin ƙara girma kafin gwaji da bayansa, sannan ka auna zurfin layin da suka tona a faifan. Ɗalibai sukan manta faifan, wanda shi ke matsayin shaf a gwajin, alhali shaf ya fi sil tsada nesa ba kusa ba.

Mai Walda:
Zafi fa? Sakamakon gwajin sanyi daban yake, domin tsatsar da zafi ke haifarwa tana canja gogayyar.

Ɗan Aji Biyar:
Na gode Yallabai. Tanderunmu na kai digiri 400, da shi zan fara.