Kwaɗayin zaƙi da kasalar la'asar: ina neman shawara

Malamar Firamare, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ina da aure da 'ya'ya, shekaruna kuma sun haura talatin. Na daɗe ina fama da rejim iri-iri domin rage ƙiba: wani ya hana ni tuwon dare, wani ya hana ni mai, wani ya ce kada in kusanci shinkafa, kuma kowanne da zarar na bar shi sai nauyin ya dawo har da ƙari. Da na gaji sai na koma ga tsarin sauraron jiki, wato in ci idan na ji yunwa, in tsaya idan na ƙoshi, ba tare da na haramta wa kaina wani abinci ba. Ta wannan fuska hankalina ya kwanta ƙwarai, domin na daina jin kamar na aikata laifi duk lokacin da na zauna gaban kwano.

Abubuwa biyu ne suke damuna yanzu. Da zarar an tashi daga makaranta, tsakanin azahar da la'asar, kwaɗayin zaƙi yakan taso mini da ƙarfi, har sai na sayi makala, wato fanke, an barbaɗa sukari, ko folere, wato zoɓo, mai sanyi, ko kuma na haɗa shayi na jefa ƙwayar sukari huɗu. Sannan ga kasala, wadda takan sa in kasa duba littattafan yara da yamma. Idan na sha zaƙin nakan ji ƙarfi na ɗan lokaci, daga baya jiki ya sake mutuwa fiye da yadda yake da farko. Tambayata ita ce, tunda tsarin ya ce in saurari jikina, jikin kuma kullum zaƙi yake nema, shin in ba shi ne ko in hana shi? Ba na son komawa rejim ko kaɗan.

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa

Wa alaikumus salam Malama. Kin faɗa mana abin da kike sha da la'asar, amma ba ki faɗa mana abin da kike ci da safe ba, kuma a can nake zaton amsar take. Yawancin matan da ke fita aiki da sassafe a garuruwanmu shayi da burodi kawai suke karyawa da su, wasu ma a tsaye, suna shirya yara. Farin burodi da shayi mai sukari suna narkewa da sauri, sukarin jini ya hau, jiki ya saki insulin domin ya sauke shi, kuma ga wasu mutane saukar takan zo da rawar jiki da yunwa mai tsanani bayan 'yan sa'o'i. Idan a kan wannan kika tsaya gaban allo tun daga bakwai da rabi har bayan azahar, a cikin zafin Garwa, to abin da kike kira kwaɗayi yunwa ce da aka daɗe ana danne ta. Jikin da ya galabaita yakan nemi abin da zai ba shi ƙarfi nan take, kuma babu abin da ya kai sukari saurin yin haka. Sai dai ƙarfin nasa wutar kara ce, dawa da wake da gyaɗa su ne gawayin da ke riƙe tukunya har yamma.

Saboda haka shawarata ta farko ƙari ce a kan abin da kike ci. Ki sa wani abu mai gina jiki a karin kumallo: ƙosai da kunu, ko ƙwai, ko wake, ko kunun gyaɗa mai kauri, ko ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka idan ya kwana. Ki kuma tafi makaranta da abin da za ki ci a lokacin hutu, ko da soyayyiyar gyaɗa ce da dabino kaɗan, ko fura da nono wadda ba a cika mata sukari ba. Ki gwada haka na makonni biyu ki ga ko ƙarfin kwaɗayin zai ragu.

Maganar kasala kuwa ba zan so a jingina ta ga abinci kaɗai ba. Ƙarancin jini ya yawaita ga mata masu jinin al'ada da masu haihuwa, ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ke ƙara cinye jinin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mace baliga marar ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan awon himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya gaza giram 12 a desilita, mai ciki kuma idan ya gaza 11, ko 10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki. Alamominsa sun haɗa da haki idan an ɗan yi tafiya, jiri, bugun zuciya, wani lokacin ma sha'awar cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara. Akwai kuma ciwon sukari, wanda yakan zo da gajiya da ƙishirwa da yawan fitsari da dare. A takardun gwaji na asibitocinmu, sukarin jini da ya kai giram 1.26 a lita kafin a ci komai da safe, idan aka maimaita aka sake samun haka, shi ne ma'aunin ciwon. Gwaje-gwajen nan biyu ba su da wahala, kuma idan duka suka fito lafiya amma gajiyar ta ƙi tafiya, likita zai iya duba ƙwayar maƙogwaro da ake kira thyroid, domin raguwar aikinta ma yana kawo mutuwar jiki.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa shayi yana rage yawan sinadarin ƙarfe mai gina jini da jiki ke tsotsa daga wake da ganye idan aka sha shi tare da abinci. Ki bar tazarar kamar sa'a ɗaya tsakaninsu, ki kuma matsa lemon tsami a abinci ko ki ci gwaiba ko mangwaro bayansa, domin bitamin C yana taimakawa wajen tsotsar.

Alhaji Mai Shago, Injamena

'Yata, ni ban san wannan tsari na zamani ba, amma na san shayi, domin a nan Injamena ba a zama a bakin shago babu buta a kan wuta. Ɗan kofin gilas ƙarami ne, shi ya sa mutum ba ya ganin yawan sukarin da ke cikinsa, alhali daga safe zuwa magariba ya sha kofuna da yawa, kowanne kuma kamar zuma. Na ga abokan kasuwanci da dama da ciwon sukari ya kama, kuma a ganina wanda ya ce zai riƙa bin abin da ransa ke so ba zai ga iyakarsa ba, domin rai ba ya cewa ya isa. Ra'ayina shi ne ki yanke sukarin gaba ɗaya, ki daure na ɗan lokaci, harshe zai saba. Addininmu ma ya riga ya ba mu ma'auni a hadisin da ya ce a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Allah Ya ƙara lafiya.

Maman Tagwaye, Gaundare

Baba Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Maganarka a kan ɗan kofin shayi gaskiya ce tsantsa, hadisin da ka kawo kuma ya yi daidai da rabin abin da Malama take ƙoƙarin koya, wato tsayawa kafin ciki ya cika maƙil. Inda nake da ja, cikin ladabi, shi ne batun yankewa gaba ɗaya. Ga namijin da bai taɓa yin rejim ba wataƙila hakan ya yi aiki, amma Malama ta ce ta shafe shekaru tana haramta wa kanta abinci, kuma irin wannan mutum sabon hani yakan mayar da shi cikin tsohon zagaye: daurewa, sai ɓallewa a ci fiye da ƙima, sai nadama, sai wani sabon hani. An daɗe da sanin cewa tauye ci yana sa tunanin abinci ya mamaye zuciya. A gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka tsakanin 1944 da 1945, an rage wa maza 36 masu ƙoshin lafiya abinci zuwa kusan rabi na tsawon wata shida, sai suka zama ba su da zance sai na abinci, ga kasala da saurin fushi, kuma da aka sake su wasunsu suka riƙa ci ba tare da sun iya tsayawa ba.

Malama, game da ainihin tambayarki, ina ganin an taƙaita miki tsarin ne. Masana abinci biyu 'yan Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, su ne suka shimfiɗa shi a 1995 bisa ƙa'idoji goma, kuma cikin ƙa'idojin akwai girmama yunwa tun kafin ta yi tsanani, akwai lura da ƙoshi, akwai neman hanyar magance damuwa ba da abinci kaɗai ba, ta ƙarshe kuma ita ce kula da lafiya ta hanyar zaɓen abinci mai amfani ba tare da tsanantawa ba. Ke nan sauraron jiki ya haɗa da sauraron abin da yake faɗa bayan an ci. Ke da bakinki kin ce bayan zaƙin jikinki yakan mutu fiye da da. Wannan ma magana ce da jikin ya yi miki, kuma tana da nauyi daidai da kwaɗayin da ya zo kafinta.

Abin da nake yi, kuma nake ba ki shawara, shi ne idan kwaɗayin ya taso ki fara tambayar kanki yaushe rabonki da abinci na gaske. Idan an daɗe, ki ci abincin rana tukuna, tuwo ne da miyar tafasa ko shinkafa da wake, sannan idan har yanzu ranki yana son makala ki ci a zaune, a natse, ki ji daɗinta. Zaƙin da aka ɗora a kan abinci ba ya hawa jini da sauri kamar wanda aka zuba a cikin da babu komai, kuma sau da yawa za ki ga ɗaya ko biyu sun ishe ki. Idan kuma kin ƙoshi amma ran yana nema, ki duba ko gajiya ce ko ɓacin ran da aka kwaso daga aji, domin wani lokacin kwanciyar rabin sa'a ce ake bukata.

Inda zan goyi bayan Baba shi ne abin sha, saboda jiki ba ya ƙirga zaƙin da aka sha kamar yadda yake ƙirga wanda aka tauna, abin shan kuma ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, kuma rage shi zuwa giram 25 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya tana kusan giram 5, saboda haka kofin shayinki ɗaya ya kai giram 20, lemon kwalba na santilita 33 kuma yakan kai giram 35. Ban kawo lissafin don ki riƙa ƙirga ba, na kawo shi ne don ki ga inda yawancin sukarin yake shiga. Ki rage ƙwaya ɗaya, ki zauna a kan uku har ki daina jin bambanci, sannan ki sake ragewa. Folere kuma idan kika dafa a gida da citta da kanumfari, ke ce mai iko da yawan sukarinsa.

Direban Kuseri

Ina so in ƙara batun barci da ruwa, domin a watannin Maris da Afrilu zafi a yankinmu yakan wuce digiri 40, kuma dare ma ba ya sanyi balle a yi barcin kirki, musamman idan an ɗauke wuta. Baligi yana bukatar aƙalla sa'o'i bakwai, kuma ƙarancin barci yana ƙara yunwa da son zaƙi washegari. Shayin da aka sha bayan la'asar yana iya hana barcin dare, saboda rabin sinadarin da ke wartsakarwa a cikinsa yana nan a jiki bayan kimanin sa'o'i biyar. Malama ta gwada shan ruwa sosai tun da safe, kada ta jira sai ƙishirwa ta kai ta ga mai folere.

Malamar Firamare, Garwa

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Anti ta Marwa, kin canka daidai, shayi da burodi ne karin kumallona, kuma sau da yawa ba na cin komai sai na dawo gida. Haki ma ina yi idan na hau matakalar bene, jinin al'adata kuma yana da yawa tun bayan haihuwar ƙarshe. Akwai maƙwabciyata da ta ce in sayi ƙwayoyin ƙarin jini a kemis in fara sha. Shin in fara ne kafin in je gwajin, kuma yaya zan shirya wa gwajin sukarin?

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa

Kada ki fara shan ƙwayoyin tukuna, Malama, ki bari a auna jinin, domin sakamakon ne zai nuna ko kina bukatarsu da tsawon lokacin da za ki sha, kuma ba kowane ƙarancin jini ne na rashin sinadarin ƙarfe ba. Domin gwajin sukari, ki ci abincin darenki kamar yadda kika saba, sannan kada ki ci ko ki sha komai sai ruwa na aƙalla sa'o'i takwas, ki je da safe ba tare da kin sha shayi ba. Ki faɗa wa likita maganar yawan jinin al'adar ƙarara ko da bai tambaya ba, saboda idan ta can jinin yake zuba, ƙwayoyin kaɗai ba za su wadatar ba sai an duba dalilinsa. Ki tafi da ƙosai ko gyaɗa a jaka domin ki karya da zarar an ɗebi jinin.