Ɗan takarar majalisar jiha da alƙawarin na'urar zaɓe

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Wani ɗan takarar majalisar jiha ya zo unguwarmu, ya ce in ya ci zai tsaya tsayin daka a yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, kuɗinsu kuma ya riƙa zuwa musu kai tsaye. Yana da wannan ikon kuwa?

Malama daga Kawo: Wa'alaikumussalam. Kaduna ta yi zaɓe da na'ura a 2018 da 2021, kuma majalisar jiha ce ke gyara dokar. Amma shi ɗaya ne cikin 'yan majalisa 34, sai ya samu abokan tafiya.

Dattijon Rigasa: Maganar kuɗi, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tun Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ɗana, tambaye shi yadda zai bibiyi abin da ciyaman ya kashe. Mu nan magudanan ruwa ne damuwarmu duk damina.