Shawarwarin da na samu kan koya wa yara gaɗa a Jidda

Na tambayi matan unguwarmu yadda zan fara koya wa yara gaɗa kyauta, don yaranmu na nan mizmar, rawar gargajiyar mutanen Hijaz, suka sani, tamu kam sai a waya. Yawanci sun ce in fara neman izinin iyaye, kuma uwa ɗaya ta riƙa zama da mu. Sun ce a riƙa yi Asabar bayan la'asar tunda ba makaranta, kar ya wuce minti 30, 'yar shekara 5 ba ta jure dogon bayani, ki tafa ki rera kawai za su bi. Wata Hajiya ta dage kar a ɗauki bidiyon 'ya'yan mutane a sa a TikTok, wallahi gaskiyarta. Kalangu kuma a bari, maƙwabta ba za su lamunta ba.