Me ke kai mutum nutso a ruwan sanyi mai duhu?

Ɗan Masunta, Ringim:
Assalamu alaikum. A gidan masunta na tashi, a bakin kogin Haɗeja, kuma a wurinmu ba a nutso sai da dalili: ko koma ta maƙale a itace, ko kuma, Allah ya kiyaye, ana neman wanda ruwa ya ci. Kwanan nan na ga bidiyon wasu Turawa sun goya tukunyar iska suna shiga teku a gaɓar Sikotilan, ga sanyi, ga ruwan ya yi duhu har da ƙyar suke ganin juna. Me suke nema a ciki da har suke kashe kuɗinsu?

Malamin Kimiyya, Gumel:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da yawansu jiragen da suka nutse ne ke jan su. A Scapa Flow, wani mashigin teku da ke arewacin Sikotilan, sojojin ruwan Jamus sun nutsar da jiragensu da hannunsu ranar 21 ga Yuni 1919 don kada abokan gaba su mallake su, kuma bakwai daga cikin manyan suna kwance a can har yau. Mai nutso yakan bi igiya zuwa ƙasa da tocila a hannu, ba ya ganin komai, sai kwatsam bangon ƙarfe ya bayyana a gabansa, halittun ruwa sun lulluɓe shi. Shi kansa duhun, sau da yawa ƙananan halittun da kifi ke ci ne suke jawo shi, don haka ruwan cike yake da rai.

Baban Tiga:
Ɗana, ni kam na fahimce su. Shekaru na yi ina nutso a madatsar Tiga, har da safiyar hunturu, lokacin da haƙora ke kaɗawa tun kafin ka tuɓe riga. Da zarar ka yi ƙasa ido ya gama aikinsa, hannu ne zai ga maka hanya: ka shafa laka, ka shafa kututture, ka bi zaren koma a hankali har ka kai inda ta sarƙe. Hayaniyar duniya duk ta ɗauke, ba ka jin komai sai bugun zuciyarka. Numfashi ɗaya nake da shi, dole in taso, alhali raina yana son in ƙara jimawa. Da na sami abin da zai ba ni rabin sa'a a can, wallahi da na goya.

Malamin Kimiyya, Gumel:
Gaskiya ne, Baba, amma tukunyar nan tana da ƙa'idar da ta saɓa wa nutson da kuka saba. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin gaɓa, saboda haka wanda ya shaƙi iskar tukunya a can ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta yi wa huhunsa lahani. Shi ya sa ake koya musu su hauro sannu a hankali suna numfashi. Ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau 25 ko kusa da haka, don haka suke sa rigar da ruwa ba ya ratsawa, da kayan ɗumi a ƙarƙashinta.