Neman shawara: bidiyon tallar da AI ya haɗa min ya fi kayana kyau, ya zan yi?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka min da shawara.

Ina zaune a wani ƙauye ta wajen Gumel. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, in riɗi ya yi sauƙi kuma mu yi kantu, ni da matan gidanmu. Yawancin cinikin a cikin gari ne, sai ranar Alhamis da yara ke kaiwa kasuwar Maigatari, sai kuma 'yan oda daga Dutse da Kano da nake ba direba. Ƙanina da ke karatu a jami'ar tarayya ta Dutse ya zo hutu, ya ce tallata ce ba ta jan mutane, hotunan da nake sawa a sitatus duk duhu ne. Ya zauna da wayarsa ya rubuta wa wata manhajar AI abin da yake so da Turanci, sai ga bidiyo. Wallahi sai kun gani. Kwalbar gilashi, mai garai-garai yana zuba a hankali, kicin mai tayil, ga wata mata da ban taɓa gani ba tana murmushi riƙe da farantin ƙuli.

Na ɗora, kuma mutane sun yi ta yi min magana. To amma ni a robar ruwa da galan nake zuba maina, kalarsa ta fi ta bidiyon duhu, in ya kwanta kuma akwai ɗan laka a ƙasa. Wata Hajiya a Kano ta ce in aiko mata "irin na kwalbar nan" za ta yi tsaraba, har yanzu ban ba ta amsa ba. Rubutun jikin kwalbar ma ba sunana ba ne, wasu haruffa ne ba Hausa ba ba Turanci ba.

Yanzu ƙanin nawa ya ce na kyauta ya ƙare, sai an biya kuɗin wata, kuma da dala. In biya? Wace manhaja ce ta dace da mai ƙaramin jari? Sannan ya matsayin irin wannan tallar a addini? Gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba.

Mai Shagon Caji, Gujungu:
Wa alaikumus salam Maman Sadik. Ina haɗa wa 'yan kasuwar nan tamu bidiyo, bari in faɗi abin da na sani. Kar ki biya tukuna.

Abin da ƙaninki ya yi shi ne ya rubuta bayani kawai, na'ura ta zana komai daga kanta. Ba ta taɓa ganin manki ba, don haka ta kawo irin man da ta saba gani a tallan Turawa. Manhajojin da ke wannan aikin da yawa. Akwai Veo na Google, wanda na ukunsa ya fito a watan Mayun 2025, yana ba da daƙiƙa 8 har da sauti. Akwai Kling na kamfanin Kuaishou na Sin, shi ma 'yan daƙiƙoƙi yake bayarwa. Duk gajeru ne, in ana son tallar rabin minti sai an yi guntu-guntu an haɗa, kuma a nan ake samun matsala: kwalbar guntu na farko daban, ta na biyu daban, matar ma sai ki ga ɗankwalinta ya canza.

Amma waɗannan manhajojin suna da wata hanya da ta fi miki amfani. Maimakon rubutu zalla, sai a ba su ainihin hoton kayanki, a ce su motsa shi kaɗan, kamar kyamara na matsowa a hankali. Robarki ce, manki ne, motsin kawai aka ƙara. Ko a nan sai an sa ido, don in aka nemi motsi da yawa sai ta fara sauya siffar robar. Rubutu kuwa kar a taɓa barin na'urar ta yi shi, musamman Hausa mai ƙ da ɗ. A bar wurin fili, daga baya a shiga CapCut ko InShot a rubuta suna da lambar waya da hannu. A yi bidiyon a tsaye, 9:16, shi ne ke cika fuskar waya a sitatus da TikTok.

Maganar kuɗi, na Google da ake kira AI Pro kusan dala 20 ne a wata a Amurka. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne duk gwaji sai ya ci daga makin da suke ba wanda ya biya, ko ya yi kyau ko bai yi ba, kuma da wuya na farko ya fito daidai. Sannan in aka sa kati, wata na zagayowa za su cire da kansu sai in an shiga an soke.

Ɗan Autan Mama:
Nawa galan? Ana kawowa Hadeja?

Hajiya Mai Turare, Kano:
Ƙanwata, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mutane sun yi miki magana, to nawa ne suka turo kuɗi?

Ni a birni nake, na san abin da matan nan ke nema. Mai farin garai-garai ya cika kantuna, in shi suke so ba sai sun aika Gumel ba. Abin da ke sa mace ta jira direba shi ne tana son na gida, wanda aka soya gyaɗarsa aka kai inji aka matse da hannu, mai ƙamshin nan da in kika jefa albasa a ciki maƙwabta za su sani. Wannan duhun da kike jin kunyarsa shi ne shaidarki. Ƙaninki ya goge miki shi.

Ki samu safiya bayan rana ta ɗan ɗaga, ki fito da kaya inuwar zaure ko gindin darbejiya, ba cikin ɗaki ba. A goge idon kyamarar da gefen zani, yawancin duhun hoton nan maiƙon hannu ne. A shimfiɗa farin yadi ko sabuwar tabarma. A jingina wayar da wani abu kar hannu ya yi rawa. Ki ɗauki lokacin da ake tuƙa tunkuza mai na tsatsowa ta gefe, ki ɗauki ludayi na zubawa a mazurari, ki ɗauki ƙuli na iyo a kasko. Sannan wani ya karya guda ɗaya dab da wayar, a ji ƙas ɗin nan. Wallahi wannan ƙarar ta fi duk kiɗan da za a ɗora.

Injiniya Ƙarami:
Hajiya ina girmama maganarki, amma kar a tsorata ta. Ni ne dai irin su ƙanin nata. Duniya ta wuce inda kuke tunani, manyan kamfanoni ma da AI suke talla yanzu. Kuma ku duba halin da take ciki: matar aure ce a ƙauye, wataƙila maigida ba zai so a ga fuskarta ko tsakar gidansa a TikTok ba. Ba ta da kuɗin ɗauko mai kyamara daga Kano. AI ya ba ta abin da a da sai mai miliyoyi. Kowa ya san talla ado ce, wa ya taɓa sayen taliyar yara ya ga ta fito kamar ta jikin leda?

Hajiya Mai Turare, Kano:
Ɗana, mai taliya yana da kamfani, ba wanda ya san fuskarsa. Ita kuwa in kaya ya isa Kano aka ga ba shi ba ne, hoton sitatus ɗinta za a ɗauka a watsa a zauren matan unguwa da na 'yan biki. Kuma ban ce ta nuna fuska ba. Hannu da ludayi sun isa.

Malam na Kafin Hausa:
Bismillah. Maman Sadik, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki karɓi kuɗin baiwar Allah.

Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannunsa a ciki sai ya ji danshi. Ya tambaya, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ki lura, mutumin nan bai furta ƙarya ba, abin da ido ke gani kawai ya gyara.

Don haka a fahimtata na'urar ba ita ce abin tambaya ba, kayan aiki ce kamar wayar da ke hannunki. Abin dubawa shi ne, mai saye da ya kalli bidiyon, me ya ɗauka zai samu? In an gyara haske, an share tarkacen da ke baya, an sa rubutu mai kyau, wannan tsafta ce da iya talla. In kuwa an canza kalar mai, ko mazubinsa, ko girman ƙulin, an shiga siffanta kaya da abin da babu. Ita Hajiyar Kano mai son tsarabar, ki tura mata hoton robarki yau, ki ce ga yadda yake zuwa. In ta yarda, cinikinku ya yi tsabta.

Abu ɗaya zan ƙara saboda matasanmu. Na ga ana ɗaukar fuskar wani malami ko ɗan fim a sa masa baki yana yabon kayan da bai san da su ba. Wannan ƙage ne a kan mutum, a nisance shi ko da wasa.

Injiniya Ƙarami:
Allah gafarta Malam, na karɓa. Amma a bar mana na share baya da gyaran haske.

Mai Raguna, Maigatari:
Mu a harkar dabbobi abin ya riga ya iso mana. Kafin layyar da ta wuce an yi ta yawo da bidiyon wasu raguna kamar maruƙa, ƙaho a murɗe, ba ƙura ba kaska. Sakamakon haka yanzu mutumin Legas ko Abuja ba ya yarda da kowane bidiyo, ko na gaske ne. Sai na kira shi ido da ido, na buɗe bakin ragon ya ga haƙori, na sa yaro ya zagaya da shi, wani har cewa yake in ɗaga yatsa uku a gaban kyamara. Masu bidiyon ƙarya sun ja mana ƙarin aiki da ƙarin data, ga sabis ɗin da sai ka fita bakin titi. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, kowane kira sai ka ji shi a aljihu.

Anti Ma'aikaciya, Dutse:
Ban ga wanda ya taɓo wannan ba. Ki sake kallon kwalbar cikin bidiyon da kyau. Na'urorin nan kan zana abin da ya yi kama da tambari ko lambar rajista, saboda sun saba ganinsu a jikin kaya. In akwai abin da mai kallo zai ɗauka lambar NAFDAC ce alhali ba ki da ita, ki sauke bidiyon yanzu. Haka in ƙaninki ya sa AI ya rubuta kalaman tallar, ki karanta kafin a ɗora, don yana son cusa irin su "yana maganin hawan jini" ko "yana rage ƙiba". Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ke kula da ita, ta hana siffanta kaya da abin da zai ruɗi mai saye. Akwai kuma hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, da dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar APCON, huruminta ya haɗa da tallan intanet. In wata rana kina son kai manki manyan kantuna, sai da rajista, kuma man girki na cikin abincin da ake wajabta ƙara wa bitamin A a Najeriya. TikTok ma yana buƙatar a sa alama a bidiyon AI da ya yi kama da gaske.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauke bidiyon, na tura wa Hajiyar hoton robar. Ta ce man tana so, amma ba za ta kai wa surukai a robar ruwa ba. Sai kuma maganar murya. Maigida ya ce hannu ba komai, amma ban da muryata. Ƙanina ya ce AI na iya karanta Hausa, in gwada?

Mai Shagon Caji, Gujungu:
Ki sa ya gwada ki saurara da kunnenki kafin a ɗora. Waɗanda na jarraba suna karantawa, amma hawa da saukar muryar ba namu ba ne, inda ya kamata a ja sai su datse, mutum na ji ya san ba Bahaushe ba ne. In akwai yarinya mai wayo a gidan, ko shi ƙanin naki, a shiga ɗaki a rufe ƙofa a naɗa da waya, jimla uku ta isa: mene ne, daga ina, a kira wace lamba. Da yawa ma ba sa buɗe sauti in suna kallon sitatus, rubutun ya fi muhimmanci. Ki sa farashi a jiki, zai rage miki masu "nawa ne" da ba sa saye.

Hajiya Mai Turare, Kano:
To kin ji inda matsalar take, mazubi. Kuɗin da za ki ba masu dala, ki ba direbanki ya sayo miki sababbin robobi masu murfin da ba a ɓalle ba a Kano, ana sayar da su dozin-dozin, lita ɗaya da rabin lita. Ƙaninki ya zana miki takardar mannawa a Canva, sunanki da lambarki kawai, a buga a Gumel. Ki tace man da farin ƙyalle ki bar shi ya kwana kafin ki ɗura. In sun iso ki ɗauki sabon bidiyon da su, sannan Injiniya ya share miki baya yadda yake so.

Ɗan Autan Mama:
Har yanzu ba a faɗa min kuɗin galan ba fa.

Maman Sadik:
Yi haƙuri Auta, duba akwatinka na turo. Hajiya, robobin nan wace kasuwa zan ce wa direban ya shiga, kuma rabin litar ta fi tafiya ko litar?