Neman shawara: yadda zan jera babi cikin babi a databes

Abdulhadi, Madina:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu harkar databes, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, ku agaza min. Akwai karatuttukan malamai na Hausa da muka tara nida abokaina ɗalibai, sautuka ne, so nake mutum ya shiga Fiƙihu ya shiga Ibada ya shiga Tsarki sannan Alwala ya tarar da karatun a wajen. Yanzu dai tebur uku gareni, na babban babi da na ƙarami da na ƙaramin ƙarami, to gashi Hajji kaɗai ya kai hawa biyar saboda ƙarƙashin Ihrami akwai miƙatai kuma kowane miƙati da karatunsa, in ƙara tebur na huɗu da na biyar ne ko yaya akeyi? Databes ɗin MySQL ne, shafin kuma da yaren PHP nake rubuta shi.

Injiniya Sani, Jidda:
Wa alaikumussalam ƙanena, kar ka ƙara ko ɗaya, ukun ma haɗe su zakayi su koma tebur guda. Gida uku a teburin ya isheka: id wato lambar babin, suna, sai uwa_id wanda zai riƙe lambar babin da ke samansa. Misali Fiƙihu lamba 1 uwarsa NULL wato bashi da uwa, Ibada lamba 2 uwarta 1, Hajji lamba 7 uwarsa 2, Ihrami lamba 15 uwarsa 7, Yalamlam da Zulhulaifa uwarsu 15, a haka ko hawa ashirin kayi teburin bai san anayi ba. Ranar da kaga Umra ba nan ne muhallinta ba lamba ɗaya zaka canza, ta tashi da 'ya'yanta gaba ɗaya. Ka sa index akan uwa_id, shi ke sa nema yayi sauri.

Abdulhadi:
Allah ya saka Yaya Sani. To in ina son duk karatun da ke ƙarƙashin Hajji har jikoki fa, ba sai nayi ta tambayar databes ɗin hawa hawa ba?

Injiniya Sani:
Da can haka mutane suke wahala. Yanzu akwai WITH RECURSIVE, tambaya ɗaya ce zata fara daga 7 tabi 'ya'ya da jikoki har ƙasa. Amma duba wane MySQL ne a sabar da ka kama haya, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin naka, daga 8.0 ya shigo a 2018, 5.7 bashi da shi. A sauran databes, PostgreSQL tun 8.4 a 2009 yake dashi, SQLite ma akwai.

Maman Hanan, Riyad:
Malam Abdulhadi in har 5.7 ɗin ce ta sameka ƙara gida ɗaya kawai ka riƙa rubuta hanyar kowane babi, Ihrami zai zama /1/2/7/15/ sai kace LIKE '/1/2/7/%' duk zuri'ar Hajji ta fito, kuma da wannan ɗin zaka nuna ma mai saurare inda yake a saman shafi ba wani lissafi. Wahalarta ranar ƙaura ce, sai ka gyara hanyar duk na ƙasa, kayi shi cikin transakshan ɗaya, wato ko duk gyaran ya shiga ko duk ya fasa, kar rabi ya tafi rabi ya tsaya.

Bashir, Makka:
Mu dai a jami'a tsarin lambar hagu da dama aka koya mana, kowane babi da lamba biyu, na ƙasansa duk suna tsakani, wajen karantawa wallahi babu mai saurinsa.

Injiniya Sani:
Bashir gaskiyarka wajen karatu, amma cusa babi ɗaya a tsakiya sai an matsar da lambobin duk wanda ke damansa, kamar mutum ya shigo tsakiyar sahu kowa sai ya gusa. Yaron nan kullum ƙara babi zai riƙa yi, babukan ma duka nawa ne, ko sun kai dubu uwa_id bazata ji komai ba. Khalas a bar masa mai sauƙi.

Maman Hanan:
Abu biyu da ba wanda ya taɓo. Kar ka bari a maida babi ƙarƙashin jikansa, zagaye zai zama, in ka yi WITH RECURSIVE MySQL sai ya juya sau 1000 sannan ya tsaya da kuskure, ka bincika a PHP kafin ka ajiye. Sannan wajen goge babi ka sa RESTRICT mai hana goge babin da ke da 'ya'ya, ba CASCADE mai goge shi har da 'ya'yansa ba, in ba haka ba wani ya danna goge Ibada ya kwashe sallah da azumi da zakka lokaci ɗaya. Kuma ka zaɓi tsarin haruffa na utf8mb4 tun farko, tunda sunayen zasu haɗa Larabci da ƙ da ɗ da ɓ, latin1 alamar tambaya zai maida maka su.

Abdulhadi:
Na duba, 8.0 ce alhamdulillah. Saura ɗaya Anti, akwai karatun Hajjin Bankwana da ya dace da Hajji kuma ya dace da Sira, in kwafe shi sau biyu?

Maman Hanan:
A'a kar ka kwafa. Karatuttukan teburinsu daban, sai ƙaramin tebur a tsakani mai gida biyu, karatu_id da babi_id, layi biyu zaka saka masa ɗaya na Hajji ɗaya na Sira, sautin kuma guda ɗaya ne a sabar. Turo min teburan naka uku bayan isha in nuna maka yadda zaka kwashe su zuwa sabon.