Zama a gefen yaro mai koyon tuƙi: abin da iyaye suka gani

Maman Khalifa, Kano:
Assalamu alaikum. Ina so in ji ta bakin iyayen da suka taɓa zama a kujerar gefe alhali ɗansu ne ke riƙe da sitiyari. Ɗana ya cika shekara 18, wato shekarun da doka ta yarda a nemi lasisi a Najeriya, ya kuma shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, amma malaminsa ya ce hannunsa ba zai faɗa ba sai yana juya mota a gida. Mahaifinsa matafiyi ne, don haka nauyin ya dawo kaina. A filin Idi hankalina a kwance yake, amma da zarar mun hau titin Gidan Zoo, inda mai Adaidaita Sahu kan tsaya ɗaukar fasinja ba tare da sigina ba, sai in ji ƙafata tana taka birkin da babu shi, in dawo gida da ciwon kai.

Baban Ummi, Zariya:
Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Tsoron nan yana da dalili, domin motar makaranta tana da birki a ɓangaren malami, mu kuwa ba mu da komai sai baki da birkin hannu. Abin da ya fi wahalar da ni da 'yata shi ne kuloci. Idan mota ta mutu mata a bakin shataletale, na baya suka dame ta da hon, sai hannunta ya ɗauki rawa, ni kuma zuciyata tana bugawa amma dole in saki fuska, don na lura duk lokacin da muryata ta ɗaga sai ta ƙara rikicewa. Daga baya muka yi yarjejeniya tun kafin ta tada mota: a kan titi ba zan ce komai ba sai "rage" da "tsaya", gyara kuwa sai mun faka. Muna fita ne bayan sallar Asuba, kafin 'yan makaranta su cika hanya, da jan harafin L, alamar ɗan koyo, gaba da baya.

Hajiya Babba, Birmingham:
A nan Ingila yaro yana fara koyo da shekara 17, kuma mai zama a gefensa dole ya haura shekara 21, ya kuma shekara 3 da lasisi. Sai an sa yaron a inshora, kuma doka ta hana mai kula da shi riƙe waya, kamar dai shi ke tuƙin. Nawa tashin hankalin ya ninka, domin a hannun dama na koyi tuƙi a gida, nan kuwa hagu ake bi, ga 'yata tana maimaita mini abin da malaminta ya ce game da duba madubi. Na ga hakan ya fi, domin abin da za a tambaye ta ranar jarrabawa ke nan.

Malam, Maraɗi:
Ni ban iya ba sam. Ɗan fari ne, akwai kunya a tsakaninmu, ba ya iya tambayata abin da ya shige masa duhu, ni ma ba na iya yi masa doguwar magana. Sai na miƙa shi ga baffansa, wanda ya daɗe yana jan mota tsakanin Maraɗi da Katsina, kuma a hannunsa ya samu permi, wato lasisi. Sai dai in gaya miki gaskiya, Maman Khalifa, zaman jiransu a ƙofar gida bai fi zaman cikin motar sauƙi ba.

Maman Khalifa, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gwada fitar Asuba da yarjejeniyar kalmomi biyun nan, zan kuma roƙi kawunsa ya karɓi ranakun shiga cikin gari. Baban Ummi, yaushe ka fara barin ta tuƙin dare, kuma wace hanya kuka fara bi?